Salatif din daure kwali: wanne za ka saya kafin ka kwashi katan guda

Shekara hudu kenan ina tura kaya daga Kano zuwa kudu, yawanci kwalaben humra da man shafawa da 'yan kayan kicin, kuma wallahi abin da ya fi jawo min asara a farkon nan ba direba ba ne, ba kuma 'yan lodin tasha ba, salatif ne. Akwai wani kwali da na tura Fatakwal cikin zafin watan Afrilu, na nannade shi kamar mai karaya a hannun madori, zagaye ya fi goma, ina ta murna na daure kaya tamau. Da ya isa sai kwastoma ta turo min hoto, gindin kwalin ya wangale, salatif din duk ya saki yana reto kamar sabar maciji, kwalba uku sun fashe. Abin da ya daure min kai shi ne ledar ko tsinkewa ba ta yi ba, gam din ne kawai ya ki kama kwalin. Tun daga ranar na daina sayen salatif da ka.

Shi kansa sunan ma daga wani kamfani muka are shi, Sellotape, wanda aka fara yi a Ingila a 1937, kafin shi kuma wani ma'aikacin kamfanin 3M a Amurka mai suna Richard Drew ya riga ya fito da irinsa a 1930, wanda ake kira Scotch. Mu dai duk abin da aka nade yana mannewa salatif ne a wajenmu, kuma nan ne matsalar take, ka shiga shago a Sabon Gari ka ce a ba ka salatif, abin da yaron shago zai tambaye ka bai wuce fari ko ruwan kasa, babba ko karami ba. Alhali kala ba ta kara komai ba ta rage komai. Na ji mutane da yawa suna rantsuwa mai ruwan kasa ya fi karfi, a'a, launi ne kawai, za a iya samun fari mai kyau da ruwan kasa na banza, haka ma akasin haka.

Ledar da ake yin mafi yawan salatif din kwali da ita kusan iri daya ce, za ka ga an rubuta BOPP a jikin katan dinsa, roba ce da aka ja ta tsaye aka ja ta kwance don ta yi karfi. Inda aka rabu shi ne gam din da aka shafa mata, kuma iri uku ne.

Na farko shi ne akirilik, shi ne ya cika kasuwa saboda ya fi araha. Kyansa shi ne juriya, rana ba ta cika dame shi ba, ba ya yin rawaya, zafi da sanyi duk yana dauka, kwalin da za a ajiye a sito wata shida ko shekara shi ya fi dacewa da shi. Amma fa yana da nawa wajen kamu, wato in ka manna shi yanzu bai gama rikewa ba sai ya dan kwana, gam din a hankali yake shiga jikin kwalin. To ka ga mu da muke daure kaya karfe hudu a jefa shi bayan mota karfe biyar, a dora buhun wani a kansa, ba mu ba shi wannan lokacin ba. Sannan in kwalin tsoho ne ko mai kura sai ka ga bakin yana dagawa. Alamarsa ba wuya, in ka ja yana yin kara mai kashe kunne din nan, kiiiii, wadda makwabta ke sanin yau ana lodi. Akwai dai wanda aka gyara mara kara amma kudinsa ya dan dara.

Na biyu shi ne wanda za ka ga an rubuta Hot Melt, gam ne na robar kamfani da ake narkarwa a shafa a jikin leda. Wannan kam da ka dora ya cafke, danko gare shi sosai, yana warwarewa cikin sauki ba sai ka yi kokawa da nadin ba, kuma ya fi akirilik kama kwalin da aka yi da tsohuwar takarda, irin wanda ake sake sarrafawa, wanda kuma shi ne yawancin kwalayen da ke hannunmu. Shi ya sa masana'antu masu like kwali da inji suke son sa. Aibinsa zafi. In zafi ya doshi digiri 50 gam din yana fara laushi, to Kano da Sakkwato da Maiduguri a bazara ma'auni yana haura 40 a inuwa, balle cikin but din mota ko karkashin tamfol din tirela da ta tsaya a rana tun hantsi. Kuma in ya dade yakan yi rawaya ya bushe. Ni a ganina na tafiyar kwana biyu zuwa sati ne, ba na ajiya ba, kuma in har kwalin zai sha rana to kar ka dogara da layi daya.

Na uku gam din danko ne na ainihi, na bishiyar roba, za ka ga an rubuta Natural Rubber ko Solvent. Shi ne babban yaya, yana kama kwali mai kura, yana kama mai dan danshi, yana rikewa a dakin sanyi, yana kama leda ma wadda akirilik ke zamewa a kanta. In ka shinshina za ka ji dan warin roba. Tsadarsa ce kawai matsala, kuma ba kowane shago ake samunsa ba sai wajen manyan diloli masu kai wa kamfanoni kaya. Ni yanzu shi nake sa wa gindin duk kwalin da ke da kwalba, sama kuma in sa mai araha, haka nake raba asarar.

Kafin in wuce, maganar hunturu. Kurar nan da ke sauka a kan komai ita ce babbar makiyiyar salatif, don gam din kurar yake kamawa ya bar kwalin. Dan tsumma busasshe ka share wajen kafin ka manna, aikin dakika biyar ne amma bambancin ba kadan ba ne. Da damina kuma kwalin ne kansa ke shan danshi ya yi laushi, nan ko wane irin salatif ka sa sai ya taso da fatar kwalin gaba daya, don haka ka fara duba kwalin tukunna.

Yanzu kauri da fadi da tsawo, wajen da ake cin kudin mutane.

Kauri da maikiron ake auna shi, wato kashi daya cikin dubu na milimita. Na 38 zuwa 40 siriri ne, na kwali mara nauyi, irin gyale ko hula ko takalmin yara. Na 45 zuwa 50 shi ne na yau da kullum. Kwali mai nauyi sosai, kilo ashirin zuwa sama, ka nemi 55 ko 60. In ka ga kayan Amurka su da mil suke rubutawa, mil daya maikiron 25.4 ne, wato mil 2 kusan maikiron 50 kenan. Siririn nan yana da wani mugun hali, yana tsagewa a tsaye kana cikin ja, sai ka bata minti biyu kana kankara da farce kana neman bakinsa, wanda duk ya taba daure kwali talatin a dare daya ya san bacin ran da nake nufi. Fadi kuma milimita 48 shi ne wanda aka saba, wato kusan inci biyu, akwai na 72 kusan inci uku, wanda na fi so wa manyan kwalaye da wadanda marfinsu ba ya haduwa sosai a tsakiya, layi daya nasa ya fi layi biyu na karamin.

Tsawo kuwa, hmm. An rubuta yadi 100 ko 200 a takardar jiki ba yana nufin haka ne a ciki ba. Dabarar da aka fi yi ita ce a kara wa kwalin tsakiyar nadin kauri, daga nesa ka ga nadi ya yi bul-bul, ka juya gefensa sai ka ga rabi duk takarda ce. Don haka kullum ka kalli nadi ta gefe, ka duba kaurin salatif din shi kadai ban da takardar. In za ka sayi da yawa sayi guda daya tukun, ka dora a sikeli, ka kwatanta da na wani shagon, in ma kana da hali ka warware guda a tsakar gida ka auna da tef din tela, sau daya za ka yi ka san gaskiyar dilanka. Yadi 100 na gaskiya mita 91 ne da 'yan kai, kayan Turai kuma yawanci mita 66 suke zuwa.

Ga lissafin da ya kamata ka rika yi maimakon tambayar nawa ne guda. Dauki kwali mai tsawon santimita 50 da fadin 40. Layin tsakiya in ka bar rara ta sauko gefe da gefe kamar santimita 7 kowane bangare zai ci 64, sama da kasa kusan mita daya da digo uku. In ka kara layi a bakin gefuna hudu, biyu sama biyu kasa, ya zama siffar harafin H, jimla kusan mita uku. Kenan nadin mita 91 mai kyau zai rufe maka kwali talatin, rufewa ta gaske. Amma zagaye daya na wannan kwalin, in tsayinsa 30 ne, kusan mita daya da rabi ne, zagaye goma irin nawa na Fatakwal mita goma sha biyar kenan a kwali daya, nadi daya kwali shida. Ko da mai kyan ya ninka mai arahar kudi sau biyu, wa ya ci riba? Wannan likin na H din shi ne manyan kamfanonin tura kaya irin su DHL da FedEx da UPS suke cewa a yi, da salatif mai fadin akalla inci biyu.

Su din dai kuma suna cewa kar a rufe kwali da salatif din takarda na masu fenti, ko karamin nan na ofis, ko mai ruwan toka din nan mai zare kamar yadi da ake like tiyo da shi. Na masu fenti an yi shi ne don ya cire cikin sauki, to me ya kai shi kwalin da zai je Legas. Mai ruwan tokar kuma a ido kamar ya fi kowa karfi, amma ba ya zama a jikin kwali, in ya ji zafi sai ya zame ya bar danko. Salatif mai launin baki na masu wayarin ba ma sai na fada ba.

Akwai wasu guda biyu da suka cancanci kudinsu in aikinka ya kai. Daya shi ne mai zaren gilas a ciki, za ka ga layuka farare sun bi tsawonsa, ba ya tsinkewa da hannu sai da wuka. Ba na rufe baki ba ne, na damara ne, ka yi wa kwali mai nauyi zagaye biyu da shi ko ka hade bututu ko sanduna wuri daya. Dayan kuma na takarda ne mai gam din sitaci wanda sai an jika shi da ruwa yake kamawa, irin wanda ake gani a kwalayen Amazon. Wannan in ya bushe ya zama jiki daya da kwalin, ba mai bude shi ya mayar ba a gane ba, don sai ya yage fatar kwalin. Ga mai tura waya ko turare mai tsada wannan ba karamin abu ba ne. Sai dai yana bukatar injinsa mai jika shi yana yankawa, kuma nadin ba ya son danshi a ajiya, ga wanda ke daure kwali biyar a sati bai kai wahalarsa ba. Wanda ya fi sauki shi ne ka buga sunan shagonka a jikin salatif na leda, duk wanda ya yanka ya mayar da fari za a gani, amma masu bugawa sai ka yi oda da yawa suke karba. Shi kuwa jan nan mai FRAGILE, ina sa shi dai, amma ban taba ganin dan lodin da ya tsaya karantawa ba.

In buhu ne kake turawa, na shinkafa ko na kayan gwanjo, manta da salatif, ba ya kama sakar buhu, allura da zare ko igiya su ne maganinsa.

Gwajin da nake yi a gaban mai shago kafin in biya ba shi da wuya. Ina zuwa da guntun irin kwalin da nake amfani da shi, ba nasa ba, in manna tsawon tafin hannu, in murza da babban yatsa sosai don irin wannan gam din sai an danna yake kamawa, in jira kamar minti daya sannan in fizge. In ya taso da gashin takardar kwalin a jikinsa, ya yi. In ya fito fes kamar ba a taba manna shi ba, ajiye masa kayansa. Wanda ya ci wannan sai in sayi guda daya in like kwali in bar shi a cikin mota a rana wuni guda, washegari in duba ko bakin ya daga. Sai ya wuce wannan ma nake komawa in dauki katan.

Kuma ko ka samu mai kyau kar ka jibge na shekara biyu don ka ji ana cewa kudi zai tashi, gam yana tsufa, musamman na roba. Ka ajiye shi a inuwa cikin katan dinsa, nesa da rufin kwano, in ka ga nadi ya fara turo tsakiyarsa waje kamar kofi ko gefensa yana danko to zafi ya riga ya taba shi, yi amfani da shi a kananan kaya ya kare. Sannan ka hada da 'yar bindigar nan ta manna salatif, ta hannu mai reza, ka tabbatar bakinta daidai yake da fadin salatif dinka, ta inci biyu ba ta daukar na inci uku, ni sai da na kai tawa gida na gane haka.