Motar tsere a tafin hannu: wane samfuri ya kamata ka fara saya?

Ƙananan samfuran tsofaffin motocin tsere iri biyu ne a kasuwa, kuma gara ka san wanne kake nema tun kafin kuɗinka su bar aljihu. Akwai wanda yake zuwa a haɗe, da fentinsa da lambarsa, ka ciro shi daga kwali ka ɗora a kanta, shi ke nan. Akwai kuma wanda zai zo maka gutsi-gutsi a maƙale jikin firam na roba, da takardar bayani da sitika, kai ne makanike, kai ne mai fenti. Hotunan da 'yan kasuwa ke sakawa a intanet duk na gamammiyar mota ne, shi ya sa wani zai buɗe saƙonsa ya tarar da tarin 'yan robobi alhali mota ya zata.

Lambar da ake bugawa a kwali, kamar 1:24 ko 1:43, ita ce sikeli: sau nawa aka ƙanƙantar da motar gaske. Idan lambar ta biyu ta yi girma, motar ta ƙanƙance. A 1:43 tsawonta bai wuce santimita 10 ba, a 1:24 wajen 18, a 1:18 kusan 24, a 1:12 kuwa tana haura 30. Su 1:64 na yara ne da masu tara su da yawa, ba su cikin zancenmu.

Wanda ba shi da lokaci, ko hannunsa na rawa, ya nufi haɗaɗɗun. A sikelin 1:43 kamfanonin Spark da Minichamps da IXO sun fitar da motocin gasar Le Mans (tseren awa 24 da ake yi a Faransa) da na Formula 1 masu tarin yawa, har za ka iya jera Ford GT40 huɗu da suka ci Le Mans a jere daga 1966 zuwa 1969, ka biyo su da Porsche 917 ta 1970 da ta 1971, duk a kan katako guda. Na IXO sun fi sauƙin kuɗi. Na Spark yawanci da rezin (wata irin roba mai tauri da saurin karyewa) ake zuba su, layukansu sun fi kaifi, amma ƙofa ba ta buɗuwa, bonet ba ya ɗaguwa, kuma idan suka faɗi ƙasa sai dai haƙuri. Can sama akwai CMC na Jamus a 1:18, masu yin irin su Maserati 250F, wadda Juan Manuel Fangio ya ci kambunsa na duniya na biyar a Formula 1 da ita a 1957, da Mercedes W196 ta 1954. A waɗannan, ƙafafun mota masu waya ɗaya bayan ɗaya ake saƙa wayoyin da hannu, ga bututun mai siriri kamar zare. Kyau kam ba a magana. Kuɗin guda ɗaya kuwa zai sayo maka kwalayen haɗa-da-kanka da dama har da fenti da kayan aiki. Ni a ganina wanda ya sayi haɗaɗɗiya ya mallaki mota, amma bai san ta ba, domin bai taɓa ganin yadda giyabos ke manne da inji ba.

Ga mai son ya haɗa da hannunsa, shawarata guda ce: ka fara da roba, a sikelin 1:20 ko 1:24, kuma in da hali na Tamiya. Kamfanin na garin Shizuoka ne a Japan, kuma abin da ya yi suna a kai shi ne gutsattsarinsa suna shiga juna ba tare da kokawa ba, takardar bayaninsa kuma zane ce da lambobi, ko ba ka jin Japananci za ka bi ta. Sikelin 1:20 na motocin Formula 1 ne, Tamiya ta buɗe shi a 1977 da Tyrrell P34, motar nan mai ƙafa shida. Mai ƙirarta ya sa ƙananan tayoyi huɗu masu rim inci 10 a gaba don rage turjiyar iska ba tare da an rasa riƙon ƙasa ba, kuma ba wasa ba ce: Jody Scheckter ya ci gasar Suwidin da ita a 1976, abokinsa Patrick Depailler ya zo na biyu. Duk baƙon da ya shigo falo ita zai fara tambaya. Sai dai ba zan ba ɗan koyo ita a matsayin ta farko ba. Sandunan sitiyari da ke haɗa ƙafafun gaban nan huɗu sirara ne, kuma in ɗaya ta karkace kaɗan, za ka ga taya guda tana lilo a sama ba ta taɓa tebur.

Wadda ta fi dacewa da hannun farko ita ce Lotus 25, ko Honda RA272, dukkansu Tamiya ta yi su a 1:20. Motocin farko zuwa tsakiyar shekarun 1960 ne, kafin zamanin fukafukai da tallace-tallace a jikin mota: bodi dogo siriri, launi guda, lamba a cikin farin da'ira. Lotus 25 koriya ce mai ratsin rawaya, da ita Jim Clark ya ci gasa 7 cikin 10 a 1963. Honda fara ce mai jan da'ira, ita ta ba kamfanin nasararsa ta farko a Formula 1, a Meziko cikin 1965, Richie Ginther na tuƙi. A lokacin launin mota na ƙasarta ne, kore na Birtaniya, ja na Italiya, shuɗi na Faransa, azurfa na Jamus. Sai a 1968 Lotus ta shafa wa motarta launin kwalin sigari, daga nan kowa ya bi. Wannan tarihin yana shafar aljihunka kai tsaye. Saboda dokokin hana tallan taba, sababbin kwalayen motoci irin su baƙar Lotus mai ratsin zinare ko McLaren mai ja da fari suna zuwa ba tare da sunan kamfanin sigarin ba. Mai son motarsa ta fito yadda ta yi tsere sai ya nemi takardar sitika daban daga ƙananan kamfanoni, wani kuɗin ke nan da wani jiran.

Sikelin 1:24 shi ne gidan motocin Le Mans da na tseren daji. Fujimi na da Porsche 917K da Ford GT40 da Ferrari 330 P4, Hasegawa na da Ferrari 250 Testa Rossa da Lancia Stratos. A nan ka karanta bayanin kaya da kyau, domin da yawa daga cikinsu ba su da cikakken inji, bodi ne da kujeru da ƙafafu kawai. Ga ɗan koyo wannan ba aibi ba ne, aiki ya ragu. Amma duk idon mai kallo zai koma kan fentin bodi, kuma shuɗi-shuɗin nan da ruwan lemo na kamfanin mai na Gulf da aka san 917 da GT40 da shi ba ya rufa wa mai gaggawa asiri.

Mutanen Nijar da suka ga zamanin da ayarin Paris-Dakar ke ratsa Agadas da hamadar Tenere suna da tasu a cikin jerin: Tamiya ta yi Peugeot 405 T16 wadda Ari Vatanen ya ci gasar 1990 da ita, a 1:24. Tsohon kwali ne, sai a hannun masu sayar da na ajiya. Mu kuma da muka tashi muna ganin 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna, ba kowa ya san irinta ce Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1975 ba. Ana samun 504 haɗaɗɗiya a 1:43.

Manyan na 1:12 su ne ke jan hankali, su ne kuma suka fi zama a saman kabad rabi da rabi. Tamiya ta soma su a 1967 da Honda RA273, daga baya Lotus 49 da Ferrari 312T da sauransu suka biyo. A wannan girman za ka jona wayoyin fulogi ɗaya-ɗaya, ka ga yadda injin Cosworth DFV na Lotus 49 ya zama shi ne ƙashin bayan motar, an ɗaure shi da kusoshi a bayan direba, ƙafafun baya kuma a jikinsa da giyabos suke rataye. Darasin kanikanci ne sosai. To amma aikin watanni ne, kwalin babba, kuɗin dakonsa ma babba. Airfix na Ingila na da Bentley Blower ta 1930 a 1:12, tsohuwar ƙira ce tun shekarun 1970, tana son kankara da ciko kafin gutsattsarin su zauna. Abin dariya, duk sunan da Blower ta yi ba ta taɓa cin Le Mans ba, 'yar'uwarta Speed Six ce ta ci a 1929 da 1930. Irin wannan sai ka gama biyu ko uku ƙanana tukuna.

Kwalayen haɗa-da-kanka na ƙarfe mai laushi da rezin, irin na Tameo na Italiya a 1:43 da Model Factory Hiro na Japan, ka kewaye su yanzu. Gam ɗin roba ba ya kama su, kowane gutsure sai an goge an huda an gwada, ƙurar rezin kuma ba ta da kyau ga huhu, da ruwa ake goge shi. Amfaninsu shi ne suna yin motocin da manyan kamfanoni ba su waiwaya ba. Tsada kuwa, ba a cewa komai.

Kuɗin kwali rabin lissafi ne. Kana buƙatar ƙaramar filaya mai yanka (abin yanke farce ma yana yi a farko), reza mai kaifi, hantsaki, samfefa mai laushi, burushi biyu ko uku, da gam na roba mai ruwa-ruwa. Wannan gam ɗin narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, don haka ba ya kama wurin da ke da fenti ko ƙyallin kurom, sai ka kankare bakin haɗin tukuna. Kada ka kusanci gilashi da sufa gulu, tururinsa yana barin farin hazo da ba ya fita, farin gam na katako ya wadatar. Sitikar kuma ba irin ta ɓarewa ba ce. Yanka ta za ka yi ka tsoma a ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙu, ka jira ta saki, sannan ka zame ta daga takarda zuwa jikin mota da jiƙaƙƙen burushi, ka danne ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe. A kan fenti mai sheƙi take kwanciya lafiya, a kan marar sheƙi iska na maƙalewa a ƙarƙashi ta yi fari-fari.

Idan tsohon kwali za ka saya a hannun wani, sitikar nan ita ce abin tambaya na farko. Ka nemi hotonta a kusa. In ta yi rawaya ko ta tsattsage, tana taɓa ruwa za ta wargaje. Ka tambaya ko ledojin ciki a rufe suke, ko gilashi da tayoyi sun cika, domin tsofaffin tayoyin roba kan narkar da duk abin da suka daɗe a jingine da shi a cikin kwali.

Fenti shi ne inda mai saye daga Kano ko Maraɗi zai fi shan wuya. Gwangwanin feshi kaya ne mai kama wuta, yawancin masu aikawa ta jirgin sama ba sa ɗaukarsa. Ƙananan kwalaben akirilik masu narkewa da ruwa sun fi sauƙin isowa, su za ka haɗa cikin odarka tun farko don kada ka biya dako sau biyu. Fentin mota na kasuwa yana yi wa bodi, amma tinarsa na da zafi, tana cin roba ta yamutsa ta, sai ka fara shimfiɗa firama (fentin share fage) siririya, ka kuma gwada a kan ragowar firam ɗin kafin ka taɓa motar. Lokacin hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin feshi, kana gamawa ka kifa roba mai tsabta a kan bodin har ya bushe. Akwatin gilashi ko na roba mai haske shi ma ka sa shi a lissafi, kuma ka nema masa wuri nesa da taga, don rana tana koɗar da ja, tana mayar da farar sitika rawaya, zafi kuma yana lanƙwasa rezin.