Ƙamusun Bargery a Hannun Ɗalibin Adabi da Balaga

Na sayi ƙamusun Bargery na Hausa zuwa Turanci ne a lokacin da nake shirin koyar da nazarin waƙa, bisa zaton cewa littafi mai shafuka fiye da 1,200 ba zai rasa duk kalmar da mai nazari yake buƙata ba. Bayan shekara biyu ina buɗa shi kusan kullum, na gane cewa zatona bai yi daidai ba, amma abin da na samu a ciki ya fi abin da na je nema daraja.

G. P. Bargery ɗan mishan ne daga Ingila, kuma ƙamusun nasa ya fito a 1934 ɗauke da kalmomi kimanin 39,000, bayan ya shafe shekaru yana zagaya ƙasar Hausa yana tattara su daga bakin masu harshen. Kwafin da ke hannuna bugun Zariya ne na 1993, wanda Neil Skinner ya yi wa ƙari.

Wanda ya buɗa shi yana neman keɓaɓɓun kalmomin feɗe waƙa irin su mutuntarwa da dabbantarwa da jinsintarwa, wato sunayen salon siffanta abu a waƙa, da ma'anar da muke ba su a aji, ya yi sammako a banza, domin malaman jami'a irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo sun daidaita su ne shekaru da dama bayan fitowar littafin. Haka nan ba ya maye gurbin zama gaban malamin zaure, inda ake rarrabe balaga zuwa ma'ani da bayani da badi'i, a bambance tashbihi da isti'ara da kinaya, a kuma koyi mandiƙi, wato ilimin tsara hujja.

Ƙarfinsa yana wajen kalmomin da Bahaushe ya daɗe yana auna magana da su tun kafin a buɗe sashen Hausa a kowace jami'a. Kirari da take da zambo da habaici ba aro ba ne, kuma ɗalibin da ya san cewa mai zambo yana fito da wanda yake nufi fili ya muzanta shi, alhali mai habaici yana sakaya shi ta yadda mai kaza a aljihu ne kawai zai tsargu, ya riga ya kama wani babban reshe na balagar harshensa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Bargery yake tara kalmomi masu kusancin ma'ana wuri guda. A ƙarƙashin kalmar ƙato kaɗai ya jero fiye da 300 da ake siffanta girman abu da su, kuma duk wanda ya zauna ya bi jerin nan a tsanake zai daina faɗin cewa Hausa ba ta da yalwar da za ta ɗauki tunani mai zurfi. Ban taɓa rufe wannan shafi ba tare da na ji takaicin yawan kalmomin da muka bari suka kwanta dama ba. Yana kuma nuna kalmar da ta fito daga Larabci, da wadda take ta Sakkwato ko Katsina ko Gobir, abin da ya sha fitar da ni kunya a waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19.

Nakasunsa babba shi ne dukkan bayanin da Turanci yake, Turancin ma na zamanin da, saboda haka almajirin da ya ƙoshi da Larabci amma bai yi boko ba, wanda shi ya fi cancanta ya ci moriyarsa, ba shi da rabo a ciki. Salon rubutunsa ya riga ƙa'idojin da muke bi a yau, sai mutum ya yi haƙuri kafin idonsa ya saba. Nauyinsa kuwa ba na jakar ɗalibi ba ne.

Ina ajiye shi a tebur tare da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda yake bayani da Hausa zalla. Da na biyun nake fara duba kalma, idan ta ƙi warwaruwa a cikin baitin da nake nazari sai in koma wa Bargery.