Littafin gwanjo da ya hana ni barci: sharhina kan The Moonstone da ɗan'uwansa

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun bayan sallah nake cewa zan rubuta wannan sharhin ban samu zama ba sai yau. Akwai wani dattijo da yake baza tsofaffin littattafan turanci a bakin titi kusa da inda nake aiki, irin gwanjon nan da ake kawowa a kwali, nakan tsaya in ɗan tona in na taso. Ranar nan ina cikin tonawa na ci karo da guda biyu na mutum ɗaya, Wilkie Collins, ɗaya The Moonstone ɗaya The Woman in White, bangon duk ya koɗe, takardar ta koma ruwan ƙasa, ga warin nan na tsohon littafi. Nace Baba nawa, yace in kawo dubu uku duka biyun, muka ƙare a dubu biyu da ɗari biyar. Gaskiya a lokacin ban ma san mutumin ba, a cikin labaran binciken laifi na zamanin Sarauniya Victoria Sherlock Holmes kawai na sani, shima ɗin a fim na fi saninsa.

Da The Moonstone na fara. Wani sojan Ingila ne, Kanar Herncastle, ya sato wani ƙaton lu'ulu'u ruwan ɗorawa a Indiya lokacin da turawa suka ci garin Seringapatam da yaƙi a 1799, yaƙin da aka kashe sarkin garin, Tipu Sultan. Asalin dutsen a goshin wani gunki yake, kuma akwai malaman addinin Hindu su uku da suke gadinsa tun kaka da kakanni. Shi kanar ɗin nan danginsa duk sun juya masa baya, sai da ya zo mutuwa ya bar wasiyya a ba 'yar 'yar'uwarsa Rachel Verinder dutsen ranar da ta cika shekara 18, ko kyauta ce ko mugunta ce ya ƙulla musu, Allah masani. Aka yi walima a gidansu da ke Yorkshire, ta maƙala shi a gaban riga kowa ya gani, da dare ta ajiye a durowa a falonta, gari na wayewa babu dutse babu dalilinsa. An kulle ƙofofi, an saki karnuka a waje, toh kun ga ai da ɗan gari akan ci gari kenan.

In dai wa ya ɗauka ne kawai abin, da ban ɓata lokacinku ba, labarin sata ai kullum muna ji. Abin da ya kama ni shine yadda aka ba da labarin. Marubucin bai fito yace ku zauna in gaya muku ba, a'a, mutanen cikin labarin ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya, kowa aka miƙa masa alƙalami aka ce rubuta iya abin da idonka ya gani, kar ka ƙara da jita-jita. Kaman dai shaidu a gaban alƙali. Daga baya na gano ashe Collins karatun lauya ya yi, har an rantsar da shi a 1851 amma bai taɓa yin aikin ba. Sai ya zama kai mai karatu kaine alƙalin, kuma kowane shaida da nasa son zuciyar, wannan yana kare uwar ɗakinsa, waccan tana jin haushin dangi, kana karanta abin da mutum ya faɗa kana kuma laluben abin da ya ɓoye ko wanda shi kansa bai gane ba.

Shaida na farko shine wanda na fi so, tsoho Gabriel Betteredge, sarkin gidan, ya haura shekara 70. Wannan tsohon duk abin da ya dame shi sai ya kunna lofensa ya buɗe Robinson Crusoe, duk shafin da ya faɗo masa yace ai ga amsa nan, har yana alfahari ya cinye kwafi shida da karatu uwar ɗakinsa ta ba shi na bakwai. Wallahi ina karantawa ina tuna wani kawuna da ba a raba shi da rediyo, komai ka kawo sai yace ai sun faɗa a labaran safe. Zai fara maka zancen dutsen sai ya zarce labarin marigayiya matarsa, ya dawo ya ba ka haƙuri, ya sake kaucewa. Da farko ya ba ni haushi, daga baya da aka karɓe alƙalamin daga hannunsa sai na ji kewarsa. Wadda ta karɓa kuwa, Miss Clack, wata 'yar'uwar su Rachel ce matalauciya mai wa'azin dole, tana yawo da 'yan takardun wa'azi a jaka tana cusawa a ƙarƙashin kujera da cikin ɗakin wanka na mutane, mai keken doki ma da ya sauke ta takardar ta miƙa masa maimakon ɗan ihsani. Ita a ganinta duk duniya ta fi kowa tsoron Allah, amma gulma da laɓe a bayan labule ba wanda ya kai ta. Kowa a cikinmu ya san irinta a danginsu, kar ma wani ya musa.

Sai ɗan sandan cikin da aka ɗauko daga Landan, Saja Cuff. Ni na zata wani gwarzo zan gani, sai ga wani dogon siriri busasshe, yana isowa gidan da aka yi sata abin da ya fara yi shine musu da mai kula da lambu kan yadda ake renon furen wardi. Amma yana shiga falon ya hango wani ɗan gogewar fenti a jikin ƙofar da aka shafa jiya-jiya, wanda ɗan sandan garin ya gani ya raina, ya lissafa awa nawa fentin ke yi kafin ya bushe, yace a nemo rigar da fenti ya taɓa an samu wanda ya shiga ɗakin. Daga nan labarin ya koma kan rigar barci guda ɗaya da littafin da ake rubuta kayan wanki. Kuma abin da ya burge ni, duk gwanintarsa shima sai da ya yi kuskure. Wannan ba daga sama Collins ya ƙirƙiro ba, a 1860 an kashe wani ƙaramin yaro a wani gida da ake kira Road Hill House, aka turo Sufeto Jonathan Whicher daga Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, ya zargi yayar yaron Constance Kent saboda wata rigar barcinta da ta ɓata, jaridu suka yi masa ca wai ya ci mutuncin 'yar gidan mutunci, sai a 1865 ita da bakinta ta amsa laifin. A lokacin aikin ɗan sandan ciki sabon abu ne, sashen ma a 1842 aka kafa shi, kuma masu hali ba sa son wani ɗan talakawa ya shigo musu gida yana buɗe akwatuna. Ana jin wannan ƙyamar a littafin sosai.

Yanzu ga inda gwanjo ya yi min halinsa. Wani dare an ɗauke wuta, ina kwance da tocilan ɗin waya, caji saura kashi 11, na kai daidai inda aka tono akwatin da wata 'yar aikin gidan mai suna Rosanna Spearman ta ɓoye a bakin teku cikin yashin da ke haɗiye mutum, an buɗe wasiƙarta an fara karantawa, ina juya shafi sai na ga zance ya canza gaba ɗaya. Na duba lamba, shafi 16 babu su, ba yaga aka yi ba, ɗaurin ne ya zube tun kafin ya zo hannuna. Na yi tsaki har sai da uwargida ta farka tace lafiya, nace mata littafi ne, tace Allah ya shirye ka ta juya. Da sauran cajin na shiga intanet, ashe littafin kyauta yake a Project Gutenberg, wani shafi da ke tara tsofaffin littattafai, tunda marubucin ya rasu tun 1889 haƙƙin mallaka ya daɗe da faɗuwa, na sauke ko data kirki bai ci ba. Kenan dai kuɗina na ƙanshin takarda ne kawai.

Wannan jiran na 'yan mintuna ya sa na gane wani abu. Littafin nan ba a dunƙule ya fara fitowa ba, mako-mako aka riƙa buga shi a mujallar Charles Dickens mai suna All the Year Round, daga Janairu zuwa Agustan 1868. Shi ya sa kowane kashi yake tsayawa daidai inda ranka zai tashi. Duk wanda ke bin littattafan marubutanmu da ake saki shafi-shafi a WhatsApp ya san ciwon, a tsaya maka a inda amarya ta buɗe ƙofa ace sai gobe. Su mako guda cur suke jira.

The Woman in White kuma ya riga shi fitowa, a mujallar nan dai, daga Nuwamban 1859 zuwa Agustan 1860, kuma in don tsoro da faɗuwar gaba ne ya fi The Moonstone. Wani malamin zane ne Walter Hartright yana tafe a ƙafa tsakar dare a hanyar shiga Landan, sai ya ji an dafa kafaɗarsa, ya waiga ya ga mace sanye da fararen kaya tun daga sama har ƙasa. Ni da na karanta wurin nan sai da na ɗaga kai na kalli ƙofa. Babu aljani ko ɗaya a littafin, abin tsoron duk mutane ne da takardu: miji mai fara'a kafin aure da ke harin fam 20,000 na matarsa, kawu malalaci da ya ƙi tsaya mata a yarjejeniyar auren don kar a dame shi, da gidan mahaukata na kuɗi inda za a iya kai mai hankali a rufe. Nan na sha mamaki, domin a Ingila ta lokacin mace in ta yi aure dukiyarta ta koma hannun miji sai dai in an tsare mata da takardar lauya, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara abin. Mu da muka taso mun san gadon mace nata ne, sadakinta nata ne, sai ka ji abin wani iri. Mugun labarin, Count Fosco, wani ƙaton ɗan Italiya ne mai ladabi da zaƙin baki, yana wasa da fararen ɓeraye suna yawo a jikinsa, kana tsoronsa kana kuma son ya sake fitowa. Sai Marian Halcombe, wadda ta hau rufin baranda cikin ruwan sama da dare don ta saurari abin da suke ƙullawa 'yar'uwarta Laura, matar nan mai fam 20,000. Har yau ina jin haushin Walter da ya bar wannan jaruma ya liƙe wa Laura, wadda in ban da kuka da suma ban ga abin da ta tsinana ba.

Kar in yi ta yabo kaman an biya ni. Turancin yana da nauyi, jimla ɗaya sai ta ci layi bakwai, makon farko da ƙamus a gefe na yi shi kafin kunnena ya saba. Tsakiyar The Moonstone da labarin ya koma Landan akwai jan ƙafa, na tsallake wasu sakin layi ban ji na yi asara ba. Sannan yadda aka warware sirrin, da wani gwaji da aka yi da laudanum, ruwan maganin nan na opiyom, ni dai ban gama haɗiye shi ba, ko da yake shi Collins ɗin ya san maganin ciki da waje don ya daɗe yana sha saboda ciwon gaɓɓai har ya kama shi. Akwai kuma haɗuwar bazata da ta yi yawa, kowa ɗan'uwan kowa ne. Amma na yaba masa a wuri ɗaya: shekara 11 kacal bayan boren Indiya na 1857, lokacin da turawa ke cike da ƙiyayyar Indiyawa, ya rubuta labarin da in ka natsu za ka ga ɓarawon farko baturen ne, su masu gadin nan uku da suka zo har Ingila kayansu suka biyo. Sai da na tuna kayan tarihin Benin da aka kwashe a 1897.

Da na koma na gwada gajerun labaran Holmes, waɗanda suka fara fitowa a mujallar Strand a 1891, na ga bambancin. Holmes a zama ɗaya ka gama, ya kalli takalminka ya gaya maka inda ka fito, kai naka tafi ne kawai. Collins kuwa sai ya zaunar da kai a gidan ka san mai dafa abinci da mai wanki, har ka fara zargin wanda kake so. Wanda bai saba da tsohon turanci ba ya fara da Holmes ɗin, in ya ji zai iya ya dawo kan The Woman in White, The Moonstone ya zo a ƙarshe. Ni na yi nawa a juye ne.

Na koma wurin Baba na nuna masa inda shafukan suka zube, ya juya littafin yace ɗana ai haka ya zo a kwalin, ni ban iya karanta shi ba balle in cire. Ya zaro min wani kundin Holmes mai kauri yace in ba da ɗari biyar kawai. Na tsuguna nan bakin titi ina ƙirga shafuka ɗaya bayan ɗaya, yana min dariya, mai lemo na gefe yana tambayarsa ko kuɗi nake nema a ciki.