Hattara da masu tallan akwatin "ninka gudun intanet"

Masu kafe, masu shagon buga takardu da rajistar jarabawa, da duk wanda abincinsa ke rataye da intanet, ku buɗe ido. Akwai masu bin shaguna suna tallan "layi naka kai kaɗai", haɗe da wani akwati da suke cewa yana haɗa layuka biyu ko uku ya ninka gudu. Kuɗin shekara suke so a dunƙule, har da ragi wai don kai na gida ne.

Akwatin ba jabu ba ne, shi ya sa mutane ke faɗawa. Yawanci rauta ce, wato na'urar da ke rarraba intanet ga kwamfutoci, ta MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya, ko ta TP-Link mai ramukan layi da yawa, kuma ana samunsu a kasuwa ba tare da wani dillali ba. Aikinsu raba nauyi ne. Idan kwamfuta goma na aiki a shago, sai rautar ta tura wasu ta layin MTN, wasu ta na Airtel, don kada layi ɗaya ya shaƙe. Kamar ɗan kamasho ne a tasha yana raba fasinja tsakanin motoci biyu: kowa zai samu wurin zama, amma babu motar da ta ƙara gudu. Babban fayil guda da kake lodawa ta layi ɗaya zai bi, da gudun wannan layin. Layi biyu masu gudun mega 10 a daƙiƙa kowanne ba za su ba fayil ɗin mega 20 ba. Haɗa layuka su zama ɗaya da gaske yana yiwuwa, amma sai da wata saba, wato babbar kwamfuta da ke kan intanet, a can ɗaya ɓangaren da za ta sake harhaɗa bayanan, irin hidimar da Peplink da Speedify ke sayarwa, kuma tana da nata kuɗin. Ka tambayi mai tallan ina tasa sabar take, za ka ga ya fara kame-kame.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙaryar "kai kaɗai". Tun da Starlink, kamfanin intanet na tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a farkon 2023, wasu ke kafa faranti ɗaya a saman bene, su ja waya zuwa shaguna da dama, kowane mai shago kuma an rantse masa cewa layinsa daban yake. A ce farantin na ba da mega 100, aka raba wa shago 25. Lokacin da kowa ke aiki, mega 4 ne rabonka, alhali kuɗin mega 20 ka biya. Raba layi tsakanin maƙwabta ba laifi ba ne idan kowa ya sani kuma farashin ya dace da haka. Ɓoyewar ita ce cutar. Ga shi kuma ƙa'idar tsarin gida na Starlink ba ta yarda a sake sayar da layin ba, don haka ranar da aka rufe asusun, duk shagunan za su tsaya cak tare.

Ranar gwaji kuwa a shirye suke zuwa. Da hantsi mai tallan zai zo, kafin kasuwa ta cika, ya buɗe laftaf a kan teburinka, ya danna Speedtest, manhajar auna gudun intanet, allura ta haura sama kana kallo, ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka." Abin da ba ka gani ba, a cikin rautar akwai inda ake bai wa kwamfuta ɗaya fifiko a kan sauran, kuma aikin 'yan mintuna ne a kunna a kashe. Da kuɗi sun shiga hannu sai a mayar da kai sahun kowa. Wata alamar kuma, idan an saita rabon nauyin da garaje, lambar IP ɗinka, wato adireshin da shafuka ke gane ka da shi a intanet, za ta riƙa sauyawa tsakanin layuka, sai shafin banki ko na rajista ya riƙa fitar da kai ana tsakiyar cike fom, ga kwastoma a tsaye.

Kafin ka biya ko sisi, ka ce gwajin na kwana uku ne, a kwamfutarka, a lokacin da kasuwa ta fi cika, kuma fayil na gaske za ka loda. Ka bi wayar da ƙafarka ka ga inda ta fito da shaguna nawa ta shiga, ka tambayi maƙwabtan abin da aka faɗa musu. A rubuta maka mafi ƙarancin gudun da za ka samu, da sa hannu da shaida. Wanda ya ce shi kamfanin intanet ne, ka nemi sunansa a jerin masu lasisi da hukumar sadarwa ta NCC ke wallafawa a shafinta. Biya kuma wata-wata, komai daɗin ragin. Idan an riga an karɓi naka, ku haɗu da sauran masu shagunan da ke kan wayar, ku tattara rasit da shaidar tura kuɗi, ku kai ƙara wurin shugabannin kasuwa da 'yan sanda tare, tun mutumin bai kwance farantinsa ya sauya unguwa ba.