Ulun roba na kasuwa a saƙar kunya-kunya mai gurji: inda ya yi da inda ya gaza

Siririn ulun nan da ake sayarwa ƙananan dunƙule a wurin masu kayan ɗinki, irin wanda za ki samu a Kasuwar Sabon Gari ta Kano da sauran manyan kasuwanni, sunansa kawai ulu. Ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik. In kina tantama, yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana: na roba narkewa yake yi, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri, na tumaki kuwa ƙaurin gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Tambayar ita ce ko wannan zare mai araha zai iya fito da saƙa mai kunya-kunya da gurji, wato 'yan tudun da ke tasowa a fuskar saƙa, yadda ido zai gani. Zai iya, amma da sharuɗɗa.

Saƙar da aka auna shi da ita mai sauƙi ce. A jera idanu, wato madaukan zare, a kan allura, adadin da huɗu ke raba shi, sannan a ƙara uku: 23, ko 39, ko 43. Kowane layi iri ɗaya ne: saƙar gaba biyu (zare yana bayan allura), saƙar baya biyu (zare yana gaban allura), har a zo idanu ukun ƙarshe, a yi gaba biyu, baya ɗaya, a juya. Waɗannan ukun su ne sirrin. Su ke sa kowane layi ya goce wa na ƙasansa da ido ɗaya, sai a samu kunya mai santsi ɗaya, sai jeri mai gurji, sai kwari, sai wani jeri mai gurji. Wadda ta jera 40 maimakon 39, kunya-kunya ta bakin hannun riga kawai za ta samu, babu gurji ko kaɗan. Fuska biyun saƙar iri ɗaya ne, kuma bakinta ba ya naɗewa, shi ya sa ta dace da abin naɗa wuya da bargon jariri.

Da zare ɗaya, wannan ulu bai yi ba. Ya yi siriri, in aka sa masa allura mai milimita 4 saƙar fitowa take yi sako-sako kamar raga, kunyar ta kwanta. In aka sauko zuwa milimita 3 gurjin zai bayyana, sai dai ƙanana ne, aikin kuma ya ƙi ci gaba. Gyaran shi ne a ninka shi: a haɗa zare daga dunƙule biyu a riƙe su kamar ɗaya, da allura mai milimita 4.5. A nan ne ulun ke nuna kansa. Kunyar tana tashi sosai, saƙar ta yi kauri da laushi, in an ja ta ta koma. Abin naɗa wuya na babba, idanu 39, tsawon kusan mita ɗaya da rabi, yana cin abin da ya kai giram 200. Kafin a fara, a saƙa ɗan gwaji na idanu 23 a auna faɗinsa ba tare da an ja shi ba, domin wannan saƙa tana tsukewa, kuma hannu ya bambanta.

Ninkin yana da nasa ciwon kai. Murɗin zaren ba shi da ƙarfi, don haka allura mai tsini tana tsaga shi, ko ta ɗauko zare ɗaya ta bar ɗaya. Ba za ki lura ba sai bayan layi uku ko huɗu, ki ga ɗan madauki yana leƙowa. Allura mai ɗan dakusasshen baki ta fi. Kuma kada a yi dabarar jan zare daga ciki da wajen dunƙule ɗaya, sarƙewa yake yi tun ba a kai ko'ina ba.

Sai santsi. A kan allurar alminiyam wannan ulu zamewa yake yi, kuma illar tana fitowa daidai inda ake tashi daga saƙar gaba zuwa ta baya. A wurin zaren yana yin tafiya mai ɗan tsawo fiye da sauran idanu, sai idon da ke gefen ya buɗe, jerin ya yi kamar haƙora masu wushirya. Ulun tumaki yakan ɓoye wannan bayan wanki, na roba ba ya yafiya: yadda kika saƙa shi haka zai zauna. Magani biyu ne, a ɗan ja zaren bayan saƙar baya ta farko, ko a koma allurar gora, wadda ke riƙe zare. In kuma kika ga rami, idanu 39 sun zama 40, an manta ne ba a ratsa da zaren tsakanin allurai ba kafin canjin, sai ya hau kan allura ya zama sabon ido. Hanyar gane ko kina kan daidai: idon farko na kowace saƙar gaba biyu dole ya faɗa kan kunya mai santsi da ke fuskantarki.

Launi yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ruwan madara, ruwan toka mai haske, shuɗi mai haske da ruwan hoda suna fito da gurjin, saboda inuwa ce ke nuna shi. Baƙi da shuɗi mai duhu cinye aikin suke yi, mai launuka gauraye kuwa asarar wahala ce. A sayi duk abin da ake bukata lokaci guda, domin launi ɗaya yakan bambanta daga wannan rini zuwa wancan, kuma a rana bambancin ba ya ɓuya. Akan ci karo da ƙulli a tsakiyar dunƙule. A yanke shi, a haɗa zaren a bakin layi, a bar jela ta santimita 15 a soke ta cikin saƙar, don gajeriyar jela ta roba zarewa take yi. Wajen rufe idanu a ƙarshen saƙa, a bi tsarin gaba biyu baya biyu da allura mai milimita 5.5, in ba haka ba bakin zai ɗaure.

Wajen wanki ya ci yabo: ba ya shan ruwa ya motse, yana bushewa da wuri, asu ba ya cin sa. A wanke da ruwan sanyi, a matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a inuwa, kada a rataya a igiya. Dutsen guga kuwa haramiyarsa ne. Zafi yana kashe zaren, kunyar ta baje, kuma ba ta sake tashi har abada. Bayan wanki da yawa yana yin ƙananan ƙudaje a inda ake gogawa, a kan saƙa mai gurji ba su cika fitowa fili ba. Da hunturu yana ɗan tartsatsi a jiki saboda bushewar iska.

Abu ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba: yaron da ke sanye da wannan saƙa kada ya matsa kusa da murhu ko gawayin jin ɗumi, domin roba in ta kama wuta narkewa take yi ta manne wa fata. Don hula, abin wuya da bargo, a ninke, a launi mai haske, ulun ya biya kuɗinsa. Rigar sanyi ta babba da ake so ta yi shekaru tana riƙe da siffarta, gara a nemi zare mai kauri wanda aka gauraya da gashin tumaki.