Hattara da masu tallar nutso a kufan Kekova

Wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin zuwa gaɓar tekun Turkiyya don ganin tsohon garin nan da ruwa ya cinye a Kekova. Duk wanda ya ce maka zai kai ka ka yi nutso ko iyo a cikin kufan, riƙe kuɗinka da kyau, ƙarya yake yi. Ni na biya, kuma har yau abin yana ci mini rai, musamman idan na tuna fuskar 'yata a safiyar ranar.

A shafin sada zumunta na ga tallar, muna saura mako biyu mu tashi zuwa Antaliya. Bidiyo ne mai kyau ƙwarai: ga masu nutso suna ratsawa tsakanin gumaka na dutse, wani ya ɗora hannu a fuskar wani ƙaton gunki, kifaye suna kewaya su. A ƙasa an rubuta Kekova. Na tura saƙo, kafin in ajiye waya an amsa. Muka koma WhatsApp. Mutumin yana da daɗin baki, kowace magana sai ya haɗa da "ɗan'uwana". Ya ce mota za ta ɗauke mu a ƙofar otal, jirgin ruwan namu ne mu kaɗai, ƙasansa gilashi ne, kuma kamfaninsu yana da izini na musamman da sauran ba su da shi. Na tura rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce akwai kuɗin takardar izinin nutso na mutum uku, kuma guraben sun kusa ƙarewa. Na ƙara turawa. Asusun da na zuba kuɗin sunan mutum ne a kai, ba na kamfani ba. Na lura da haka a lokacin, na kau da kai saboda zumuɗi.

Ranar tafiya tun ƙarfe shida muna tsaye a ƙofar otal da jakunkunanmu. Duk motar da ta rage gudu sai yarinyar ta ce, "Abba, ga su nan." Bakwai ta yi, takwas ta wuce. Na kira lambar, ba ta shiga. Na duba hirarmu, hoton mutumin ya ɓace. Shafin ma na neme shi sama ko ƙasa na rasa. Mai ɗakina ba ta ce komai ba, ta dai karɓi jakar daga hannun yarinyar ta koma ciki da ita.

Ma'aikacin da ke karɓar baƙi a otal ɗin tambaya ɗaya ya yi mini: mene ne lambar TÜRSAB ɗinsu? Ban taɓa jin kalmar ba sai ranar. Ita ce ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Turkiyya. Kamfanin da doka ta yarda ya sayar da yawon buɗe ido yana da lasisi daga Ma'aikatar Al'adu da Yawon Buɗe Ido, yana da lambar rajista, kuma ana iya duba lambar a shafin ƙungiyar a intanet. Aikin minti biyu ne da ya tsare mini kuɗina.

Washegari muka ɗauki hanya da kanmu. Kekova ba ta kusa da birnin Antaliya, tafiyar kusan awa uku ce zuwa Demre, daga nan a gangara ƙauyen Üçağız inda jirage ke jere a bakin ruwa. Wasu kuma daga Kash suke tasowa. A nan muka ga jirgin da idonmu, muka ga rigunan ceto, muka yi ciniki, sannan muka biya.

Abin da ke wurin yana da ban sha'awa, amma bai yi kama da bidiyon ba ko kaɗan. Garin, wanda ake kira Dolichiste a da, yana gefen arewa na tsibirin Kekova, a yankin da mutanen Likiya, wata tsohuwar al'umma, suka zauna. Girgizar ƙasa a ƙarni na 2 miladiyya ce ta sa gefensa ya nutse. Jirgi yana zuwa wurin sai ya rage gudu, ya bi gefen dutsen a hankali. Za ka ga matakala da aka sassaƙa a jikin dutse tana saukowa daga tudu, ta shige ruwa, ta ci gaba da sauka a ƙasa kamar mai gidan zai fito yanzu. Za ka ga harsashin ɗakuna, da magudanan ruwa, da fasassun tuluna a kwance a ƙasan teku idan ruwan ya kwanta. Babu gunki ko ɗaya. Jirgin bai tsaya ba, bai jefa anga ba, babu wanda ya tsoma ko ƙafa.

Na nuna wa matuƙin, wani dattijo, bidiyon da na ajiye a waya. Ya kalla, ya girgiza kai, ya ce wannan ba tekunsu ba ce. Tun 1990 gwamnati ta ayyana yankin Kekova a matsayin wuri mai kariya ta musamman, kuma an hana iyo da nutso a kan kufan saboda masu kwasar kayan tarihi. Iyo sai a wasu lungunan ruwa da aka yarda, irin su Tersane, inda jirage ke tsayawa. Ashe izinin da na biya wa kuɗi ba abin da ake sayar wa ɗan yawon buɗe ido a waya ba ne.

Da na dawo na bi diddigin hotunan. Ƙaton gunkin daga Masar yake, daga Thonis-Heracleion, wani tsohon birni da ya nutse a teku, wanda tawagar mai binciken kayan tarihi Franck Goddio ta gano a 2000 a mashigin Abu Kir kusa da Iskandariyya. Sauran gumakan na Baia ne, wani tsohon garin da shi ma ruwa ya cinye, kusa da Napoli a Italiya, inda ake yin nutso da jagora mai izini, kuma su ma kwafi ne aka ajiye a ruwa, na ainihin suna gidan tarihi. An yanko nan, an yanko can, an liƙa wa Kekova.

Akwai kuma masu jirgin gaske da ke sayar da romon baka. Su ce ƙasan gilashi, ka shiga ka tarar da 'yar taga da ba ta fi faranti ba, ta yi dishi-dishi, mutum ashirin suna turereniya a kanta. Ka nemi ganin jirgin kafin ka biya, ka karɓi rasit mai sunan kamfani.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mutumin da zai raɓo ka a ɓoye da tsohon kwabo ko guntun tulu, ya ce daga ƙasan tekun aka tsamo. Idan jabu ne ka yi asarar kuɗi. Idan na gaske ne ka ɗauko wa kanka bala'i, domin dokar Turkiyya mai lamba 2863 ta 1983 ta haramta fitar da kayan tarihi daga ƙasar, kuma ana tsare matafiya a filin jirgin sama a kan irin wannan. Ko dutse ka gani a kufai, bar shi inda yake.

Na kai ƙara da hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi, na sanar da bankina, amma kuɗin bai dawo ba. Makon jiya na sake cin karo da tallar. An canza sunan shafin, an canza lambar waya, bidiyon dai shi ne: mai nutso ya ɗora hannu a fuskar gunki, a ƙasa an rubuta Kekova. Na kai rahoton shafin. Idan ya faɗo a wayarka, kai ma ka kai, ka kuma nuna wa duk wanda ka san yana shirin tafiyar.