Hattara da masu karɓar aikin faiba da kumfa na babur ɗin ruwa ta Facebook

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da ke zaune a Amurka kuke hawan babur ɗin ruwa na tsaye. An cuce ni, kuma ba na son wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Ina da tsohuwar Yamaha SuperJet ƙirar 1994. Duk mai hawa irin wannan ya san idan hannu ya fara faɗawa, sai mutum ya so a yanke gefen wurin tsayuwa a saka masa maƙalin ƙafa, don kada babur ya kuɓuce masa lokacin tsalle a kan igiyar ruwa. Tunda za a yanka, a nan ake kwashe tsohuwar kumfar da ke ciki, domin bayan shekaru masu yawa takan sha ruwa ta ƙara wa babur nauyi.

A wani zauren Facebook na ga mutumin da na ba wannan aikin. Hotunan aikinsa gwanin sha'awa, bakinsa kamar zuma, farashinsa kuma ya yi ƙasa da na kowa. Ya nemi rabin kuɗi kafin alƙalami, ya nace sai ta Zelle ko ta PayPal ɓangaren abokai da dangi, wai don kada a cire masa kuɗin caji. Ku riƙe wannan da kyau: hanyoyin nan biyu ba su da kariyar mai saye. Kuɗi in sun tafi, sun tafi.

Ya ce mako uku. Babur ya yi wata huɗu a hannunsa. Yau mahaifiyarsa ba lafiya, gobe kaya ba su iso ba. Duk lokacin da na ce ya turo hoton ciki kafin ya rufe, sai ya sauya zance. Ranar da na je ɗauka, ya riga ya manne sabuwar shimfiɗar roba a kan komai. Daga waje tsaf.

Fita ta uku, ina saukowa daga tsalle, maƙalin ƙafar hagu ya ɓalle da ƙafata a ciki. Allah ne ya kiyaye, da idon sawuna ya karye a tsakiyar tafki. Wannan shi ne ya fi ci mini rai, ba kuɗin ba. Mutumin ya san ran ɗan Adam ne zai rataya a kan abin da ya liƙa.

Da muka ɓare shimfiɗar tare da wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, sai asiri ya tonu. Kumfar da ta dace ita ce ta foliyuretan mai ruwa biyu, wadda ake haɗawa daidai wa daida a zuba ta kumbura, kuma ramukanta a rufe suke, ba ta saurin shan ruwa. Shi kuwa kumfar gwangwani ya fesa, irin wadda ake toshe gefen taga da ita. Na danna ta da yatsa, ruwa ya tsatso. A wasu wuraren ma tsohuwar jiƙaƙƙiyar kumfar tana nan, bai taɓa ta ba.

Sai maganar ƙaro, wato ruwan gam ɗin da ake liƙa faiba da shi. Jikin yawancin baburan nan an matse shi ne da wani haɗin faibar gilas da ƙaro da ake kira SMC, kuma ƙaron foliyesta ba ya kama shi da kyau, sai efoksi, bayan an goge wurin ya yi kaushi an share ƙura. Foliyesta ya sa saboda arha, ko gugar kirki bai yi ba. Dattijon ya sa bakin sukudireba, faibar ta tashi kamar ɓawon albasa. Abin da mutumin ya caje ni a matsayin faibar kabon, faibar gilas ce aka rina baƙa. Gurbin da ya rage ya cike shi da fotin gyaran mota.

Da na kira shi, ya toshe lambata. Daga baya mutum biyu suka nemo ni da labari iri ɗaya. Ɗayansu ko babur ɗinsa bai sake gani ba. Hotunan nan kuwa, aikin wani ne ya kwaso, kuma yanzu ya buɗe sabon shafi da wani suna.

Idan za ka ba da aiki, ka auna nauyin babur kafin da bayan. Ka ɗauki hoton lambar jikinsa mai haruffa da lambobi 12 da ke ta baya. Ka ga gwangwanin ƙaro da na kumfa da idonka, kuma ka sa sharaɗi a rubuce cewa ba za a manne shimfiɗa ba sai ka zo ka duba, ka ƙwanƙwasa wurin da kwandala. Inda ya kama yakan yi ƙara tsantsan, inda bai kama ba yakan yi amon holoƙo. Ka biya ta hanyar da za ka iya ƙorafi, kaɗan-kaɗan gwargwadon aikin da ka gani.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da hotuna da saƙonninmu. Wanda irin wannan ta same shi ya ajiye shaidarsa, kada ya goge komai, ya kai tasa ƙarar shi ma.